Bazarar da Barci Ya Guje Ni

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Shekarar ta zo da wani nauyi da har yau ban san da me zan kwatanta shi ba. Kaji suna buɗe baki a gindin rumbu, rijiyarmu ta ja ruwa har sai da aka ƙara wa guga igiya, manya kuwa in sun gaisa sai su ɗan yi shiru kafin su rabu, kamar akwai maganar da kowa ya sani amma ba mai son ya fara furtawa. An ce sanƙarau ya shiga ƙauyukan wajen Gwiwa. Ba a kiran sunansa da dare, sai dai a ce "ciwon nan". Garinmu a cikin duwatsu yake, tsakanin Roni da Kazaure, duwatsun nan kuwa su wuni suna shan rana, in dare ya yi su dinga amayo mana zafin. Ni a lokacin ban daɗe da fara ɗaura zani a ƙirji ba, kuma tun kakar da ta wuce barci ya guje ni.

Abin da ya tono mini wannan zance autata ce. Kwanakin baya na fito da dare sai na hangi hasken waya a ɗakinsu, na leƙa na ce, "Ke, ba ki kwanta ba?" Ta ce, "Mama, ni fa kwana biyun nan barci ba ya zuwa." Haka ta faɗe shi kai tsaye, kamar mai cewa kanta na ciwo. Da safe yayanta ya ji, ya ce a kai ta asibiti, wai akwai masu duba irin wannan. Na tsaya ina kallonsu. Ashe magana ce da ake faɗa da baki, a gaban kowa, har a ci gaba da shan koko. Yanzu dare ma ya koɗe. Fitilar sola a kowace ƙofa, janareta na ƙara a shagon masu caji, babura na wucewa har asuba, duk wanda ya ga dama ya zauna idonsa biyu ba mai tambayarsa dalili. A namu zamanin in aka hure fitila, duhu yakan sauko kamar an kifa tukunya a kan gari. Mutum biyu aka sani ba sa barci a irin wannan duhu, ɓarawo da maye. Maye kuwa an ce kurwar mutum yake kamawa ya ɓoye, mutum ya kwanta ciwo har ya tafi. An kuma ce a nonon uwa ake shan abin.

Ban san abin da ya kore mini barci ba. Ba tsorata ni aka yi ba, ba mutuwa aka yi mana ba. Kawai na kwanta wata rana, kowa ya yi barci ya bar ni, kashegari ma haka, har abin ya zauna. Sai gab da asuba yake ɗan fizgata, kafin in ji daɗinsa an tashe ni salla. Da rana jikina kamar na aro. In ina surfe taɓarya ta kuɓuce mini, in an aike ni in manta saƙon tun ban fita zaure ba. Inna, mahaifiyata, ta yi faɗa har ta gaji. Ita daga gabas aka auro ta, Babarbariya ce, in ranta ya ɓaci takan koma yarensu. Ta haihu a garin nan, ta binne 'ya'ya a garin nan, amma har lokacin "Baƙuwa" matan unguwa suke kiranta.

Wadda na fara gaya wa ita ce Iya, kakata ta wajen uba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, mazari na juyawa, zare na fita daga auduga siriri. Da na faɗa mata ba ta ɗago ba. Ta shafa alli a yatsunta ta ce, "Wa kika gaya wa?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To, ya tsaya nan. In an kwanta ki kwanta, ki rufe ido, ki yi numfashi irin na masu barci. Kada ki bari wani mahaluki ya san idonki biyu." An karɓo mini rubutu a wurin liman da sunan ciwon kai. An turara mini hayaƙi, an sa mini wuƙa a ƙarƙashin matashi, an sayo mini kindirmo daga ruga wai yana saukar da jiki. Na sha, na shaƙa, na kwanta. Barci bai san ana yi ba.

Sai na koyi zama da dare kamar yadda ake koyon zama da mugun maƙwabci. Na san shi ta sautukansa. Da farko karnuka, daga wannan gefen gari su miƙa wa wancan. Sai tarin Baba. Sai jakin gidan sarkin fawa, wanda ba ya taɓa saɓa lokacinsa. Can tsakiya komai ya ɗauke, sai mujiya a kan tsamiyar bayan gida, in ta yi kuka in ji tsigar jikina ta tashi, in karanta abin da na haddace na ƙananan surori har in rasa inda na tsaya. Daga nesa, bayan duwatsu, wata saniya takan yi nishi a ruga. Akwai kuma wani ɗan sauti siriri da ban taɓa gane ko mene ne ba, kamar ƙwaro yana juyi a cikin ƙoƙo, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Shi ya fi komai ba ni tsoro, don a cikin gidanmu yake.

Da zafi ya tsananta kowa ya fito da tabarma tsakar gida, sai Iya kaɗai ta ƙi, ta ce iskar dare tana taɓa mata gwiwa. Kwanciya a fili ta fi wuya ga mai ɓoyo. Sai na ja tabarmata can jikin dangar karan da ta raba mu da gidan yamma, inda akuya ta taɓa yin kafa, iska tana ɗan shigowa ta nan. Gidan na wata tsohuwa ne da muke kira Gwaggo, da ɗanta, da matar ɗan, wadda nake ce wa Yaya. Daidai kafar nan, ta wancan gefen, Yaya take shimfiɗa da ɗanta da ba a daɗe da yayewa ba. Yaro ne mai ƙiba, mai son ƙuli. In ya yi barci hancinsa yakan yi ɗan fito. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan fiton shi ya zama abokin hirata. In na ji shi sai in ce a raina, to, akwai wanda barci ya samu har ya ishe shi, wata rana ni ma zai waiwaye ni.

Wani dare fiton ya ɗauke. A madadinsa na ji numfashi gajere-gajere, sai wani kuka siriri kamar na 'yar kyanwa, sai cizon haƙora. Na saurara in ji Yaya ta motsa. Ba ta motsa ba, ranar ta wuni tana dakan suna a gidan 'yan'uwanta. Na tuna maganar Iya. Na rufe ido na yi numfashin masu barci, amma kukan bai daina ba, sai ƙara sirancewa yake. Ban san lokacin da na kai bakina jikin kafar ba.

Na ce, "Yaya. Yaya! Tashi ki duba yaron nan."

Ba ita ta fara farkawa ba. Gwaggo ce. Na ji ta yunƙura, na ga inuwarta ta matso, ta sunkuya ta leƙo. Fuskata da tata ba su fi taki ɗaya ba.

"Wane ne nan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ke? Me kike yi a jikin danga da tsakar daren nan?"

In na ce ba na barci, na karya maganar Iya. Sai na yi shiru, shirun nan kuwa shi ya ba ta amsa.

Gari ya waye wuyan yaro ya sanƙare, jikinsa kamar garwashi. Kafin azahar zance ya gama unguwa, amma ba zancen ciwon ba. Wai ta ƙaƙa yarinyar nan ta sani kafin uwar da ke kwance da shi? Me ya kai idonta kafar danga? Ai dama kun ga yadda ta rame, kun ga jan idonta? Na ɗauki tallan ƙuli na zaga gari na dawo da farantina a cike. A bakin masallaci wasu yara da na goya da bayana suka bi ni suna cewa, "Kurwata kur!" suna tofar da yawu. A rijiya mata suka dinga juyo da goyonsu gaba suna rufewa da mayafi. Ba wadda ta zage ni. Har gaisawa muka yi. Sai dai duk wadda na matsa kusa da ita sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Da na dawo na tarar da Inna a bayan rumbu tana kuka da yarensu, na gane ba ni kaɗai ake nufi ba. In ni mayya ce, to a nononta na sha, kuma ƙannena mata biyu ma nonon suka sha. Sunan nan in ya kama gida ba ya saki, har jikoki.

Kashegari da la'asar Gwaggo ta yi sallama. An shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama.

Ta ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. Aron yarinyar nan na zo a ba ni, ta zo ta tsallake shi. Shi ke nan."

Ga wanda bai sani ba, haka ake yi a lokacin. Wadda ake zargi ita ake sawa ta tsallake marar lafiya a gaban mutane, wai ta haka take sakin kurwar da ta kama. Na duba abin ta kowace fuska ban ga ƙofa ba. In na tsallake ya tashi, ni ce na sake shi. In ya mutu, ni ce na cinye. In na ƙi zuwa, na ƙi saki.

Baba ya fito daga turaka yana gyara hula. Ya ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Ciwon nan ne da ake faɗa. A ɗauki yaron nan a kai shi asibiti Kazaure tun da sauran rana."

Ta ce, "Malam, allura ba ta kwance abin da aka ɗaure. A tsallake tukuna. Ubansa ma ya ce ba inda za a kai shi sai an tsallake."

Inna ta riƙe hannuna har sai da ya yi zafi. Ta ce, "Ba inda za ta."

Duk wannan Iya tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi kamar ba a gidan ake yi ba. Sai da aka yi shiru, muka jiyo kukan yaron ta bayan danga, sannan ta naɗe zarenta ta ajiye mazari a taskira.

Ta ce, "Za ta je. Amma ki aika a kira matan unguwa kaf, a yi a gaban kowa, kada gobe wata ta ce ba ta gani ba."

Gwaggo ta ce hakan ma ya fi.

Bayan magariba tsakar gidan Gwaggo ya cika. An kwantar da yaron a tabarma, kansa ya lanƙwashe baya, Yaya na durƙushe kusa da shi, kuka ma ya ƙare mata. Fitila ɗaya ce a kan turmi. Mata suka yi da'ira suka bar mini fili, ban taɓa ganin fili mai faɗi irin wannan ɗan taki uku ba. Na ɗaga ƙafa ke nan Iya ta tare ni da sandarta.

Ta ce, "Dakata. Gwaggon yara, kin ce wadda ta kama shi ita za ta sake shi. Kin ga sa'ad da aka kama?"

"Na ga ido a danga."

"Kin ga ido bayan ciwo ya shiga. Kafin nan fa? Yaron nan wace ce a nan ba ta ɗauke shi ba? Wace ce ba ta ce kai, wannan yaro da ƙiba yake ba? Ni da kaina na ba shi ƙuli ranar kasuwa. In aka sa yarinya ta tsallake alhali mai riƙon tana tsaye a gefe tana kallo, an yi rabin magani ke nan. Ni ba a rabin magani a gabana."

Ta miƙa wa Inna sandar, ta tattare zaninta, ta ce bismillahi, ta ɗaga ƙafar nan mai ciwon gwiwa ta tsallake yaron. Ƙashinta ya yi ƙara kowa ya ji. Ta juyo tana haki ta nuna wata tsohuwa mai sayar da fura.

"Ke, kullum kina ce masa mijinki, kina cewa zai saya miki zani. Zo ki tsallake mijin naki."

Wata dariya ta kuɓuce wa mutane, irin wadda tsoro ke haifarwa. Mai fura ta ce, "Oh ni! Iya, da tsufana?" Iya ta ce, "Na girme ki, kuma kin ga na wuce." Ta zo ta tsallake. Daga nan ba wadda ta isa ta ƙi, don duk wadda ta noƙe ido zai koma kanta. Matar liman ta tsallake, ungozoma ta tsallake, amaren unguwa suka bi layi suna rufe fuska. Inna ta tura ni tsakanin wasu mata biyu, ta biyo bayana. Da na zo kansa na duba ƙasa. Idonsa a buɗe yake amma ba ni yake kallo ba. Na saurari hancinsa ko zan ji fiton nan. Babu. Na wuce.

Saura Gwaggo. Ta ce, "Ni? Jikan nawa?"

Iya ta ce, "Jikanki ne, shi ya sa kin fi kowa kallonsa. Taho, dare na yi, yaro na jiran mota."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta tsallake, ba ta dubi kowa ba. Nan take Baba da uban yaron suka ɗora shi a amalanken shanu, Yaya ta rungume shi, aka nufi bakin titi neman motar Kazaure. Muna tsaye muna jin kukan ƙafar amalanke har duwatsu suka haɗiye shi.

A daren Iya ta ce in kawo tabarmata ɗakinta. Da gida ya yi tsit, karnuka suka gama, jaki ya yi nasa, sai na ji ɗan sautin nan da ke firgita ni, wannan karon dab da kunnena. Ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Na tashi zaune. Iya ta ƙyasta ashana ta kunna aci-balbal. Mazarinta ne ke juyi a cikin ɗan ƙoƙo.

Ta ce, "Kina tsammanin duk zaren nan da rana nake kaɗa shi? Tun ina kamarki barci ya guje ni. A duhu na koya, don kada a ga haske." Ta gyara lagwani. "Uwata ta ce in ɓoye, na ɓoye, na ce ke ma ki ɓoye. Ga inda ya kai mu. Daga yau in barci ya ƙi zuwa, ki kunna fitila ki zauna inda za a gan ki." Ta ɗauko wani tsohon mazari ta sa mini a hannu, ta shafa mini alli a yatsu. Zarena na farko tsinkewa ya dinga yi, tana ƙullawa tana cewa, "A hankali. Dare dogo ne, ba inda za shi."

Yaron ya rayu, amma ciwon ya tafi da jinsa. Yana nan har yau, ya yi furfura, yana ɗinki a kasuwa, in ya gan ni yakan ɗaga mini hannu. An ce ya tashi ne don mai riƙon ta saki, amma tunda kowa ta tsallake ba wadda aka iya nunawa da yatsa. Da ido kam an ci gaba da nunawa, na wani lokaci. Barci kuwa sai da ruwa ya sauka ya fara leƙo ni, kaɗan-kaɗan, kuma har yau bai taɓa dawowa duka ba. Yanzu babu danga, bulo ne ya raba gidajen, ko ihu aka yi ba lalle maƙwabci ya ji ba. Rijiyar ma an rufe ta tun da aka haƙa burtsatse. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya riƙe alƙalami, na lura irin riƙon mazari nake yi masa.

Amma a wancan daren ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ba mu san ko an samu mota ba, ba mu san ko da rai aka isa da shi ba. Mun dai zauna muna kaɗi har ladan ya kira salla.

Da gari ya waye Inna ta ce in zauna a gida, ita za ta ɗebo ruwa. Na ce a'a. Na ɗauki tuluna na fita daidai lokacin da rijiya ta fi cika. Da suka hango ni hira ta mutu. Gwaggo na bakin rijiya, ta cika tulunta, idonta ya yi ja kamar nawa. Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Gwaggo." Gaisuwa ba a ƙin amsa ta. Ta ce, "Lafiya. Kin tashi lafiya?" Amsar ɗaya ce tun da aka halicci garin, kowa ya san ta. Ni kuwa na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

Na ce, "Ban yi barci ba, Gwaggo. Tun kaka ba na yi. Ban san dalili ba."

Ba wadda ta yi motsi. Guga na reto a cikin rijiya, igiya na kuka a jikin itace. Wata amarya ta ƙara jan mayafi a kan goyonta. Gwaggo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Ni ma jiya ban runtsa ba." Ta naɗe gammonta ta ɗora a ka, ta sunkuya. "Kama mini."

Na ajiye nawa tulun, na kama nata ta gindi, muka ɗaga tare. Ruwa ya ɗan zubo mana duka biyu. Na daidaita mata shi a ka, sannan na juya na karɓi guga.